Yauƙin Tankin Ban-ruwa da Ciwon Kwalara

Wani mai lambu daga Rafin Guza ya aiko da tambaya: "Malam, tankin da nake tara ruwan rafi ina wanke latas da karas kullum cikinsa yauƙi yake yi. In na zuba kulorin, bayan kwana biyu ya dawo. Akwai haɗari?"

Akwai, Malam. Yauƙin nan gida ne da ƙwayoyin cuta suka gina wa kansu. Ba kowane yauƙi ke ɗauke da kwalara ba, amma ƙwayar da ke kawo amai da gudawa, Vibrio cholerae, gwanar irin wannan gini ce. Takan manne a bango, ko gansakuka, ko ƙananan halittun ruwa masu ɓawo, ta lulluɓe kanta da majina mai kauri. Kulorin ba ya ratsa lulluɓin da sauƙi, kuma in an haɗiye ta a haka, tsamin ciki ba ya cin ta sosai.

Abin da ke ba ni mamaki, sai ta shinshina inda take kafin ta fara gini. Akwai wasu ƙananan sinadarai da ake kira foliyamin. Ɗaya daga cikinsu, norsifamidin, wanda ita kanta take sarrafawa, shi ke ce mata "zauna nan ki yi gini". 'Yan uwansa, sifamidin da sifamin, waɗanda ake samu a hanjin mutum, hana ginin suke yi. Wani furotin na jikin ƙwayar mai suna NspS ne ke karɓar saƙon ya miƙa wa wani furotin ɗin mai suna MbaA. Wannan ilimi na ɗakin bincike ne, kada wani ya tallata maka "maganin foliyamin" ka saya.

Naka aikin na hannu ne. Zubar da ruwan, ka dirje cikin tankin da buroshi da sabulu, ya sha rana, sannan ka sa kulorin, ka rufe. Ɗaurayar ƙarshe ta ganye a yi ta da ruwan famfo ko burtsatse. Ɗanyen takin masai kuwa kada ya kusanci latas.

Wani kuma daga Kabala ya ce yaransa na shan ruwan Kogin Kaduna in suna aiki. A ƙauyukan Bangaladesh, tace ruwa da tsohon zane mai ninki huɗu ya rage kwalara kusan rabi, domin ƙwayar a dunƙule take zuwa. Tacewa dai ragewa take yi, Alhaji, a tafasa a gida a ɗuro musu a jarka. Wanda gudawa ta kama, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gona, a wuce da shi asibiti.