Zuma ta sauka a mangwaronmu, in kama ta?

Tambaya: Malam, a Aboabo nake, Kumasi. Tun jiya ƙudan zuma suka dunƙule a reshen mangwaron bayan gidanmu, girman dunƙulen ya kai tulu. Ina so in kama su in fara kiwo. Wace irin amya zan saya? Gidan haya ne, mu iyali shida.

Amsa: Ɗan'uwa, waɗannan da ka gani matafiya ne. Tsohuwar sarauniya ce ta bar gida da kusan rabin jama'arta, sun yada zango a reshen ka, 'yan leƙen asirinsu na can suna neman kogo. Yini ɗaya zuwa uku za su tashi. A yanzu ba su cika faɗa ba, domin cikinsu cike yake da zuma, kuma ba su da saƙa ko 'ya'yan da za su kare.

Kada wannan sanyin ya ruɗe ka. Zumarmu ta Afirka ta Yamma, da zarar ta yi saƙa ta haihu, wata halitta ce daban. Ƙarar injin niƙa, ko yaro ya jefa ƙwallo ta bugi akwatin amyar, ya isa su fito su bi mutum har cikin ɗaki. Gida mai iyali shida a Aboabo, ga yara, ga tumaki a ɗaure, ga masallaci a lungu, ban yarda ka ajiye amya a nan ba. Nemi ɗan'uwa mai gona wajen Ejura ko Mampong, a ba ka gindin bishiya nesa da hanya.

In har reshen na ƙasa ne, ka kira wanda ya saba. Da la'asar sakaliya zai tara kwali a ƙarƙashi, ya girgiza reshen da ƙarfi sau ɗaya. Idan sarauniya ta faɗa ciki, za ka ga ma'aikata a bakin kwalin sun ɗaga gindi suna kaɗa fiffike, suna kiran saura. Bayan magariba a rufe, a bar kafar iska, a tafi da su a daren. In kuwa sai an hau tsani, bar su su tafi abinsu.

Batun saye, fara da rigar kariya mai ragar fuska, safar hannu da gwangwanin hayaƙi, kafin akwati. Amya kuma ka ɗauki samfurin Kenya, mai sanduna a sama da gefuna a karkace. Kafinta a Sokoban, kasuwar katako ta Kumasi, zai haɗa maka, amma ka tsaya a kansa: faɗin kowace sanda milimita 32 ne. In ya kauce, zuma za ta haɗe saƙa biyu, ranar ɗiba ka sha wahala. Katakon odum ya fi katakon da ake kira wawa jure ruwa da gara. Samfurin Langstroth, wanda wani limamin coci a Amurka ya yi wa rajista a 1852, yana da kyau, sai dai yana son firam, wato katakon da zuma ke yin saƙa a cikinsa, da injin tace zuma, kuɗin da mai amya ɗaya bai kamata ya kashe ba tukuna.

Tambaya: Wata uku ke nan da na kai akwati gonar mijina, ba zuma, sai ƙadangare da tururuwa. An cuce ni ne? Daga Asawase.

Amsa: Hajiya, ba lallai ba. Buɗe ki share shi tas. Narka kakin zuma ki shafa a ƙasan sandunan da bakin ƙofa, sannan ki goga cikin da ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da ake dafa shayi da ita, ƙamshinta ya yi kama da wanda zuma ke kiran 'yan'uwanta da shi. Ɗora shi kan teburi a inuwa, ki sa ƙafafun cikin gwangwanaye masu baƙin mai, ki yanke duk ciyawar da ta taɓa shi. Ki riƙa sabunta kakin duk bayan mako uku ko huɗu, ki kuma ajiye ruwa a kusa, da 'yan tsakuwa a ciki don kada su nutse.