Zan zaga gonakin inabin Faransa a keke, an ce in kwance birkin gaba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Dijon, daga Maraɗi na zo. In an yi hutu muna so ni da abokaina biyu mu hau keke mu bi hanyar gonakin inabi daga Beaune mu yi kudu, in hali ya yi mu leƙa yankin Alsace. Keke dai na iya shi tun ina ɗan lakwal, amma a gida ƙasa shimfiɗe take, nan kuwa tudu da kwari ne. Hawan bai dame ni ba, in na gaji sai in sauka in tura. Gangarar ce ke ba ni tsoro. Wani ɗan'uwa ya ce in sassauta birkin gaba ko ma in cire shi gaba ɗaya, wai shi ke wurga mutum ta kan kai. Wallahi tun da ya faɗa hankalina bai kwanta ba. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka taɓa birkin nan. Ka ji? Kar ka sassauta shi, kar ka bari wani ya sa sifana a jikinsa sai dai in ƙara ɗaure shi zai yi. Zan dawo kan wannan, amma bari in fara kwantar maka da hankali a kan hanyar kanta.

Wadda kake nufi ita ce Voie des Vignes, daga Beaune zuwa Santenay, kilomita 20 da 'yan kai, ta bi ta Pommard da Volnay da Meursault da Puligny-Montrachet da Chassagne-Montrachet. A gindin tudun take tafiya, ba ta hau can sama ba, ɗan hawa ɗan sauka ne, wanda ya saba keke zai gama ta kafin azahar. Daga Santenay akwai tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da aka mai da ta keke har Nolay, tunda jirgi ba ya hawan tsaye ita ma a hankali take ɗagawa. Inda wasa ke ƙarewa shi ne in kun bar alamar hanya kun ce bari mu hau mu ga Saint-Romain da duwatsunta ko gidan sarautar La Rochepot, kuma na san za ku ce, kowa yana cewa. Can ne za ka haɗu da gangara mai tsawo da kwana-kwana. Alsace ma haka take, hanyar keke ta gonakin inabi daga Marlenheim zuwa Thann ta haura kilomita 100, tana bin gindin duwatsun Vosges ta wajen su Obernai da Ribeauvillé da Eguisheim, amma da zarar ka karkata yamma don ganin ganuwar Haut-Koenigsbourg, wadda ke kan dutse mai tsayin sama da mita 700, to ka shiga hawa na gaske, kuma duk abin da ka hau sai ka sauko shi.

To yanzu maganar birki, wadda na gaji da jin ta. Kusan duk wanda ya zo min daga gida da wannan karatun yake zuwa, wai birkin gaba mugu ne, har akwai masu gyaran keke na bakin titi da in ka kai musu faci sai su kwance maka na gaba kyauta suna ganin taimakonka suka yi. A fili shimfiɗaɗɗe kana tafiyar kasuwa, birkin baya da jan ƙafa a ƙasa suna isarka, shi ya sa ƙaryar ta daɗe ba ta kama kowa ba. A gangara kuwa ranka kake wasa da shi.

Ga abin da ke faruwa. Duk lokacin da ka ja birki nauyinka da na keken gaba yake tafiya, tayar gaba ta danne kwalta, ta baya kuma ta yi sakayau. A gangara abin ya ninka tunda dama kanka ƙasa yake kallo. Tayar da babu nauyi a kanta ba ta da riƙo, kana matsa mata sai ta ƙame ta fara jan ƙasa, ka ji ƙiiii, bayan keken ya fara wutsil-wutsil, gudun kuma bai ragu ba. Mafi yawan ƙarfin tsayawa a tayar gaba yake, in ka cire birkinta ka zubar da babban rabon ka riƙe ƙaramin. Kuma hanyoyin gonakin Bourgogne, wato yankin da Dijon da Beaune suke, ƙanana ne, gefe da gefe katangar dutse ce da aka jera tun zamanin da, ba ka ganin abin da ke bayan kwana, sai ka karyo ka ga tarakta mai dogayen ƙafafu, irin wadda ke ratsa layin inabi, ta cika hanyar tana tafe a hankali. A nan kana da 'yan mitoci ne kawai. Da me za ka tsaya? Da ƙafa?

Wurgawar da ɗan'uwan naka ke tsoro tana faruwa, ban ce ƙarya ba ce, amma ba birkin ke yin ta ba, hannun da bai saba ba ne. Mutum ya shekara bai taɓa na gaba ba, ranar da ya firgita sai ya damƙe shi da ƙarfi lokaci guda, hannuwansa a sake, gindinsa a gaban sirdi, keken ya tsaya shi kuma ya ci gaba da tafiya. Maganinsa sabo ne. Ka samu fili babu mota, ka ɗan yi gudu, ka ja gindinka baya har ka ji sirdin a tsakanin cinyoyinka, ka tokare hannuwa, ka matsa birkin biyu a hankali kana ƙarawa kamar mai matsar lemun tsami a koko. Ka yi ta maimaitawa har ka gane daidai inda tayar baya ke fara ɗagawa, in ka ji ta ɗaga ka ɗan saki na gaban. Yammaci biyu ko uku sun isa hannunka ya koya.

Abu na biyu da ke tafiya da wannan ƙaryar shi ne riƙe birki ɗaya tun daga saman tudu har ƙasa. In birkin roba ne mai kama wili, wilin zafi yake ɗauka har ba ka iya taɓa shi, tiyub na iya fashewa kana tsakiyar gudu. In na faifai ne shi ma in ya yi zafi sosai riƙonsa raguwa yake, ka ja har hannu ka ji ba komai. Ka matsa da kyau gudu ya ragu, ka saki ya sha iska, ka sake matsawa. Ka gama rage gudunka kafin kwana, kana miƙe, ba sai ka kwanta a cikinta ba. Inda kawai nake cewa a yi wa na gaba sannu shi ne kan tsakuwa ko laka ko kwalta jiƙaƙƙiya, musamman a cikin kwana, kuma ko a nan sassauta hannu ake yi, ba cire birki ba.

Ka kuma duba wani abu kafin ka bar shagon haya. Kekunan Faransa yawanci hannun hagu ne birkin gaba, dama na baya, saɓanin na Ingila. In ka taɓa tuƙa babur ko kabu-kabu hannunka ya saba cewa dama ne gaba, ranar firgici kuma hannu sabonsa yake bi. Ka tsaya a gefen keken, ka matsa kowanne ka tura ka ga wace taya ta kama. Ka leƙa robar, in ta cinye ka ce su canja, kar ka ji kunya, kuɗinka ka biya. In mai lantarki za ku ɗauka, injin yana daina taimakawa a kilomita 25 a awa, amma gangara ba ruwanta da wannan, keken ya fi nauyi, ga jakunkuna a kan kariya, birki ya fi shan wahala.

Ko ka ƙi jin tawa, doka ma ba ta bar ka ba. A Faransa dole keke ya kasance da birki biyu masu aiki, jandarma na iya cin ka tara. Sa abin jin waƙa a kunne kana tuƙi an hana tun 2015. Hular kwano yara 'yan ƙasa da shekara 12 kaɗai aka tilasta wa, amma kai ma ka sa, katangar dutse ba ta tambayar shekaru. In dare ya same ku a wajen gari sai da fitila da riga mai ƙyalli. A cikin ƙauyuka ka kula, inda babu alama wanda ya fito ta damanka shi ke da hanya. Dokar barasa kuma ta hau kan mai keke kamar yadda ta hau kan mai mota, na san ba ruwanka da ita, amma yankin na masu ɗanɗanawa ne, direban da ke bayanka da yamma ba ka san inda ya fito ba.

Lokaci kuma, Mayu da Yuni sun fi min. Yuli da Agusta rana na dukan gonakin nan babu inuwa, ƙarshen Agusta zuwa Satumba kuma tsinkar inabi ake, taraktoci da tireloli ko'ina, laka da ruwan inabi a kan kwalta, santsi kamar me. Ruwan sha in ya ƙare ka nemi maƙabartar ƙauye, yawanci akwai famfo a bakin ƙofa, sai dai in an rubuta cewa ba na sha ba ne. Ka sayi burodi da cuku kafin ƙarfe 12 don shagunan ƙauye rufewa suke da rana, kuma a gidan abinci ka tambaya, a Bourgogne da barasa suke dafa nama da yawa. Jirgin ƙasa na cikin yanki, wato TER, daga Dijon zuwa Beaune yana ɗaukar keke, amma maganar ajiye wa keke wuri kowane yanki da nasa tsarin kuma ba sa gajiya da canja shi, ka duba kwana ɗaya kafin tafiya. Ku ajiye lambar gaggawa 112 a waya, kuma a gangara ku bar tazara mai yawa tsakaninku, kar na baya ya manne wa na gaba.