Zan iya neman kuɗin digiri na uku kai tsaye daga gidauniyar Carnegie?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ƙaramar malama ce a wata babbar makaranta a nan Jos. Na gama digiri na biyu, ina son in ci gaba zuwa na uku amma babu hali. Manyanmu suna yawan ambaton lokacin da gidauniyar Carnegie ta taimaki Jami'ar Jos. Zan iya rubuta musu da kaina? Kuma don Allah, me suke samu da suke zuba kuɗinsu a ƙasashenmu?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya cika miki burinki. Gaskiyar da zan fara gaya miki ita ce da wuya wasiƙarki ta haifar da komai idan kika aika ta kai tsaye. Carnegie da takwarorinta irin su Ford da MacArthur da Rockefeller, jami'o'i da cibiyoyi suke ba kuɗi, su kuma waɗannan su zaɓi wanda zai amfana. Saboda haka ƙofar da za ki ƙwanƙwasa tana kusa da ke, ba a Amurka take ba.

Abin da manyanki suke tunawa ya faru ne bayan shekarar 2000. A wannan shekara gidauniyoyin nan huɗu suka haɗa kai don farfaɗo da jami'o'in Afirka, daga baya Hewlett da Mellon da Kresge suka shigo. Kafin su rufe shirin a 2010 sun kashe kimanin dala miliyan 440 a ƙasashe tara, har da Najeriya. MacArthur, wadda ke da ofishi a Abuja tun 1994, ta riƙe Jami'ar Ahmadu Bello da Bayero da Ibadan da Fatakwal. Carnegie kuwa ta ɗauki Jos da Ife, ta kuma taimaka wa Zariya. Duk wanda ya yi aiki a jami'a a wancan zamani ya san halin da ake ciki bayan dogon mulkin soja: mujallun bincike a ɗakin karatu sun tsaya tun shekaru da dama, malami sai ya fita gari ya biya kuɗi a shagon intanet kafin ya buɗe saƙonsa. Ɗaya daga cikin ayyukan da na fi yabawa shi ne yadda a 2005 suka haɗa jami'o'i da yawa suka sayi intanet ta tauraron ɗan'adam a dunƙule, farashi ya sauko ƙwarai. Ba aiki ne da ake yanka kyalle a kansa ba, amma ya sauya yadda ake bincike.

Sai dai ki lura da shekarun: goma ne, aka tashi. Haka tsarinsu yake. Kuɗin gidauniya iri ne, ba hatsin ci ba. Ana bayar da shi na shekara uku ko biyar don a fara wani abu, da sharaɗin jami'a za ta ci gaba da riƙe shi. Inda shugabanni suka sa aikin cikin kasafin kuɗinsu, suka riƙe ma'aikatan da aka horar, ya ɗore. Cibiyar binciken noma a ƙasa mai ƙarancin ruwa ta Jami'ar Bayero da tallafin MacArthur ta fara, daga baya ta samu shiga cikin cibiyoyin da Bankin Duniya ke tallafawa. Inda kuwa aka zauna jiran wani tallafin, za ki tarar da ɗaki a kulle, kwamfutoci a jere ƙura ta rufe su, batiran sola sun mutu babu mai canzawa. Wannan yana min ciwo, domin laifin ba na mai bayarwa ba ne.

Game da abin da suke samu, tambayarki tana kan hanya. Dukiya ce da wani attajiri ya bari, kamar Andrew Carnegie mai masana'antar ƙarfe da ya kafa tasa a 1911. Ana juya ta a kasuwar hannun jari, dokar Amurka kuma ta wajabta wa irin waɗannan gidauniyoyi su fitar da kusan kashi 5 cikin 100 na dukiyarsu kowace shekara. Riba ta kuɗi ba sa nema daga gare mu. Amma mai ba da kuɗi yana da baki a kan abin da za a bincika da wanda za a horar, kuma wannan tasiri ne babba. Carnegie ce ta ɗauki nauyin kwamitin Ashby da ya duba buƙatun Najeriya na ilimi mai zurfi, wanda rahotonsa na 1960 ya share hanyar kafa sababbin jami'o'i bayan samun 'yancin kai. Ford da Rockefeller ne suka kafa cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan a 1967. A ganina babu dalilin gudunsu. Abin da ya kamata shi ne jami'a ta shiga tattaunawa da nata tsarin a hannu, ta san abin da take so kafin a tambaye ta.

To ke ina za ki nufa? Idan makarantarki ta gwamnati ce, ki fara da ofishin da ke kula da harkokin TETFund, wato asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa manyan makarantu, domin asusun yana ɗaukar nauyin karatun malamai ta hannun makarantunsu. Ki riƙa bibiyar sanarwar CODESRIA, ƙungiyar bunƙasa binciken ilimin zamantakewa a Afirka da ke Dakar, idan fanninki ilimin zamantakewa ne. Gidauniyar Mastercard ma tana da shirin tallafin karatu tun 2012, amma ta hannun jami'o'in da take hulɗa da su ake nema, kuma ya fi karkata ga digiri na farko da na biyu.

Kafin ki cika kowane fom, ki rubuta tsarin bincikenki a shafi biyu ko uku, ki kai wa wani farfesa a fanninki ya yi masa gyara ba sani ba sabo. Masu tantancewa sun fi duba wannan da kuma wasiƙun shaidar malamanki. Kuma duk wanda ya turo miki saƙo a WhatsApp da sunan wata gidauniya yana neman kuɗin rajista, ki goge shi, domin babu ɗaya daga cikinsu da ke karɓar ko sisi daga mai nema.