Amsa: Fim ɗin barkwanci na zamanin mutanen kogo

Malam, ka tambayi wane fim na mutanen kogo za ka kunna wa yara su sha dariya ba sai sun ji Turanci ba. Ni dai Caveman na 1981 zan ce maka, wanda Ringo Starr, mai kiɗan ganga na ƙungiyar mawaƙan Beatles, ya fito a ciki. Kusan babu Turanci a cikinsa. Wani yare aka ƙirƙira mai 'yan kalmomi kaɗan, sauran duk nuni da hannu ne, faɗuwa, da gudun ceton rai. Dabbobin dinaso ɗin ma abin dariya ne, don 'yan tsana ne ake motsawa kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto. Amma ka fara kallonsa kai kaɗai, akwai 'yan wuraren da ba na yara ba.

In ƙananan ne sosai, ka nemi Early Man na 2018, na 'yan tsanan laka, inda mutanen kogo ke buga ƙwallo.

Wata 'yata ta taɓa tambayata ko kakanninmu sun ga dinaso. Ina! Dinaso sun ƙare kusan shekara miliyan 66 kafin yau, mutum bai ko zo ba tukuna.