Kicin Ɗin Anti: Hancin Zomo Ya Maƙale a Gwangwani

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Na sayi gwangwanin kek mai siffar zomo saboda 'yata za ta cika shekara 5. Sau biyu ina gwadawa, kuma duk sanda na kife shi sai hanci da kunne ɗaya su yi zamansu a ciki, sauran ya fito. Wallahi na shafa bota. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Sai da na yi dariya da na karanta wasiƙarki, don ta tuna mini da nawa na farko. Mai siffar mota ne. Na kife shi a faranti ina ta murna, sai ga mota ta fito ba tayoyin gaba. Ɗana ya tsaya ya ƙare mata kallo, ya ce, "Mama, haɗari ta yi?"

Kin ce kin shafa bota, na yarda. Amma da me kika shafa? In da yatsa ne ko da takarda, to bai kai ƙasan ramin hancin nan ba. Irin wannan gwangwani duk lungu ne da saƙo, kuma wuri ɗaya da bai samu mai ba, ko da bai fi ƙwayar shinkafa ba, ya isa ya riƙe kek ya yage shi. Ki nemi ƙaramin burushi mai laushi. Sannan ita bota kanta, kusan kashi 80 cikin 100 ne mai, sauran ruwa ne da madara, kuma madarar in ta ji wuta kamawa take yi. Shi ya sa ni nake haɗa nawa: cokali 2 na fulawa, cokali 2 na mai, cokali 2 na farin daskararren man gasa kek, in buga su har su yi laushi kamar man shafawa. In bi kowane layi da burushi, in ɗaga gwangwanin wajen haske in duba. Duk inda na ga ƙarfe yana ƙyalli tsirara, nan ne zai ba ni kunya. Kada ki shafa tun da wuri, man zai gangara ƙasa ya taru. Sai kin gama kwaɓi tukuna.

Kwaɓin ma ki duba shi. Kek mai saƙa-saƙa, wanda ake buga farin ƙwai ya yi kumfa, ba ya riƙe zane. Mai nauyi ake so: bota, sukari, ƙwai da fulawa, kowanne nauyi ɗaya, a ce giram 250. Ki fara cusa kwaɓin da cokali cikin hanci da kunnuwa, ki danna, sannan ki zuba sauran har ya kai kashi biyu cikin uku. Ki buga gindin gwangwanin a kan tebur sau uku ko huɗu, iskar da ta ɓuya ta fito, in ba haka ba fuskar zomo za ta yi ramuka.

Sai babbar jarrabawa, wato haƙurin minti 10 zuwa 15 bayan kin fitar daga obin. In kin kife da zafinsa, jikinsa bai gama kama kansa ba, zai ɓare. In kin bar shi ya huce sarai, sukarin da ya narke a bango zai sandare ya zama gam. Ni agogo nake sawa, don na san halina da waya. In duk da haka ya ƙi fita, ki bar shi a kife, ki jiƙa tawul da ruwan zafi ki matse, ki lulluɓa a bayan gwangwanin na ɗan lokaci. Kada ki sa wuƙa, za ki kankare rufin da ke hana kamu. In kuma hancin ya sake zama, ki ciro shi a hankali da cokalin roba ki manna da aisin. Yarinya mai shekara 5 ba za ta gane ba.

Tambaya: Anti, nawa mai siffar malam-buɗe-littafi ne. Gefen fukafukan yana ƙonewa, tsakiya kuma ɗanye.

Amsa: Ƙanwata, wutarki ta yi yawa. Gefen siriri ne, tsakiyar kuma mai kauri, ba za su nuna tare ba sai an bi su a hankali. In umarnin ya ce digiri 180, ki sauko 165 ki ƙara lokaci, musamman in gwangwanin baƙi ne, don baƙin ƙarfe ya fi jan zafi. Da kin ga gefen ya yi ja, ki rufe shi da takardar foyil. Tsinken gwada ko ya nuna kuma a wuri mafi kauri ake soka shi.

Tambaya: Anti, mijina ya kawo mini wani gwangwani mai rami a tsakiya da gurbi-gurbi a jiki. Ramin na ado ne? Kuma yaya zan san yawan kwaɓin da zai ci?

Amsa: Aiki yake yi, 'yata. Zafi yana bi ta bututun nan ya gasa kek daga ciki, maganin matsalar da 'yar uwarki ta sama take fama da ita kenan. Bundt ake kiransa. Kamfanin Nordic Ware na Minneapolis a Amurka ne ya fara ƙera shi a 1950, yana kwaikwayon wani tsohon gwangwanin Turai da Jamusawa da mutanen Ostiriya suke gasa kek ɗin Gugelhupf a ciki. Da farko bai samu kasuwa ba, sai a 1966 da wani kek ɗin cakulan da aka gasa a cikinsa ya zo na biyu a gasar girke-girke ta kamfanin fulawa na Pillsbury. Batun yawa kuwa, ki cika shi da ruwa kofi-kofi kina ƙirgawa. Babban yakan ci kofi 10 zuwa 12, kwaɓinki kuma kada ya wuce kashi biyu cikin uku na abin da kika ƙirga. Jikin bututun ma ki shafe shi da mai, nan ne kowa yake mantawa.