Hukuncin shiga taron masu daina shan giya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a ɓoye sunana. Ni ɗan kabu-kabu ne nan Maradi, na daɗe ina shan giya, na sha rantsuwa na bari amma da abokai sun kira sai in koma, yanzu in ban sha ba da sahe hannuna karkarwa yake. Wani ɗan'uwana da ke Faransa ya turo min ta WhatsApp adireshin wani taro na waɗanda suka daina sha, ta waya ake yi, kowa ya faɗi halin da ya shiga. Sai wani ya ce min haramun ne, wai tonon asirin kai ne kuma abin Nasara (Turawa) ne. Mi ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya ƙara maka ƙarfin gwiwa. Shiga taron ya halatta, kai in ka ga babu hanyar da za ta raba ka da kwalba sai ita to ya zama dole, don abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne.

Wanda ya ce maka tonon asiri ne da hadisin Abu Huraira ya kafa hujja, wanda ke cikin Bukhari da Muslim, cewa duk al'umma ana yafe mata ban da masu bayyana saɓo. Hadisin sahihi ne, amma a duba wa Annabi (SAW) ya siffanta: mutumin da ya yi aikin saɓo da dare Allah ya rufa masa asiri, gari na wayewa shi da kansa ya ce wane jiya na yi kaza. Wannan irin wanda ke zama fada ne ana shayi yana ba da labarin kwalba nawa ya sha ana dariya. Mai neman magani hukuncinsa daban, ba ga sahabin nan ba da ya zo ya ce na halaka ya Manzon Allah, na sadu da iyalina da rana cikin azumi? Ba a ce masa ka yi shiru ba, mafita aka nuna masa. Sai dai ka faɗi iya buƙata, kar ka kama sunan kowa, kar ka tsaya kana siffanta daɗin abin.

Maganar na Nasara ne kuwa, eh asalin irin wanga taro Amurka ne, Alcoholics Anonymous, mutum biyu da giya ta ci ƙarfinsu suka fara shi a 1935 a garin Akron, suna da matakai 12, ba a faɗin cikakken suna kuma ba a biyan kuɗin shiga. Amfana da ilimin wanda ba musulmi ba a harkar duniya babu laifi, ai ɗan jagoran hijira Abdullahi bin Uraiƙit yana kan addinin Ƙuraishawa aka ɗauke shi. Inda za ka kula shi ne aƙida. Sukan ce mutum ya miƙa wuya ga wani ƙarfi da ya fi nasa yadda ya fahimce shi, kai naka sananne ne, Allah Shi kaɗai. In sun rufe da addu'ar Kirista ka yi shiru, ba a tilasta kowa. Musulmin Amurka ma sun gyara matakan bisa Alƙur'ani da sunna tun 1989, sunan nasu Millati Islami, sai dai da Turancin Ingilishi suke yi.

Amma karkarwar nan ta fi damuna. Alama ce jiki ya saba, kuma wanda ya kai nan in ya yanke lokaci guda ya kulle kansa a ɗaki yana iya faɗuwa kamar mai farfaɗiya, ko kwana 2 zuwa 3 ya fara gane-gane da sambatu, ana mutuwa a haka, mutanenmu kuma sai su ce iska ne. Niyyar bari yau ce, fitar da giyar daga jiki aikin likita ne. Gobe ka tahi CSI, ƙaramar asibiti ta unguwarku, ko babbar asibiti, ka faɗi gaskiyar abin da kake sha a rana, akwai maganin da suke ba da, kuma ka tambaye su ko sun san wasu masu wannan fama. Kar ka maye gurbinta da tramol. Kuma don girman Allah ranar da ka sha kar ka ɗauki ɗan kowa a bayan babur.

Taron waya ba zai ishe ka ba in da magariba kana komawa fadar da aka saba. Mutumin da ya kashe rai 100 ma malamin ce masa ya yi bar garinku ka tahi inda ake bauta. Ka samu mutum biyu ko uku masu riƙe sirri, ko da liman ɗaya ne da wani da ya riga ka bari, ku sa rana a mako, ka riƙe lambar wanda za ka kira ko tsakar dare ne in sha'awa ta taso. In ka zame ka koma taron washegari, tuba ba ta da adadi. Wanda aka sha kawo wa Annabi (SAW) saboda giya, da wani ya la'ance shi hana shi ya yi, ya shaida yana son Allah da Manzonsa.

Wallahu a'alam.