Tambayoyinku Kan Fasaha: Rubuta Littafi Cikin Kwana 30 Da Waya

Tun shigowar Oktoba saƙonnin marubuta suka yi mini yawa, kuma kusan duk a kan abu ɗaya suke: yadda mutum zai shirya wayarsa ko kwamfutarsa don rubuta littafi sukutum cikin watan Nuwamba. Na zaɓo guda biyar da suka tattare sauran.

Assalamu alaikum Malam. A ƙungiyarmu ta marubuta an ce za mu shiga gasar rubuta kalma 50,000 cikin Nuwamba. Daga ina abin ya samo asali, kuma a ina ake yin rajista? (Wata marubuciya daga Gusau)

Wa alaikumus salam, Malama. Daga Amurka abin ya taso. A watan Yulin 1999 wani mai suna Chris Baty ya tara abokansa a yankin San Francisco da ke jihar Kalifoniya, su 21, suka ɗaura aniyar kowa ya rubuta ƙagaggen labari cikin wata ɗaya. Da shekara ta zagayo sai suka mayar da shi Nuwamba, lokacin da sanyi ke tsare mutanensu a ɗaka. Daga nan ya bazu duniya da sunan NaNoWriMo. Ƙa'idar ba ta da wuya: a fara ranar 1 ga wata, a kai kalma 50,000 kafin ƙarfe 12 na daren 30 ga wata. Babu alƙalin da zai duba kyawun labari, babu kyautar kuɗi. Duk wanda ya cika adadin ya ci.

Sai dai a ƙarshen Maris na 2025 ƙungiyar da ke tafiyar da shi ta sanar da cewa za ta rufe, saboda matsin kuɗi da kuma rigingimun da suka biyo baya tsakaninta da marubutanta. Don haka babu wata rajista da za ki yi. Ko lokacin da take aiki ma kyauta ake shiga. Idan wani ya turo miki adireshin shafi yana cewa ki biya kuɗin fom da wannan suna, kada ki taɓa, ballantana ki saka masa lambar katinki na banki. Ku yi abinku a ƙungiyarku, kowa ya riƙa kawo adadin da ya rubuta kullum da dare.

Lissafin da aka saba ji shi ne kalma 1,667 a rana. Ni ban cika ba da shawarar a yi aiki da shi ba, domin ya ɗauka cewa za ki samu dukan kwana 30 ɗin. Yaushe? Ga biki, ga suna, ga gaisuwar rasuwa, ga ranar da yaro zai kwana da zazzaɓi. Ki cire kwana biyar tun yanzu, ki raba 50,000 gida 25, ya ba ki 2,000 daidai. Sannan ki gwada hannunki: ki saita agogon waya minti goma, ki yi ta rubutu ba tsayawa, ki ƙirga. In kin samu kalma 200, to minti 100 kike bukata a rana, ki raba shi tsakanin bayan asuba da bayan isha'i.

Ranka ya daɗe, ni a WhatsApp nake rubutuna, ina tura wa kaina kowane babi. Akwai matsala ne? (Wata ɗaliba daga Maraɗi)

Akwai, ƙanwata, kuma babba. Wannan ce tambayar da ta fi damuna cikin duk waɗanda aka turo, don haka zan ɗan tsawaita.

Bara wata baiwar Allah ta zo shagonmu da waya a ƙulle cikin leda, ta zuba mata ɗanyar shinkafa. Wayar ta faɗa cikin bahon wanki ne tun kwana uku da suka wuce. Da muka buɗe bayanta, allon ciki duk ya yi kore-kore, gishirin omo ya cinye ƙananan layukan. Ba wayar ce ta dame ta ba. Ta ce babi 34 ne a ciki, rubutun wata biyar, duk a manhajar ajiyar rubutu da ta zo da wayar, ba ta taɓa haɗa ta da wani asusu ba. Muka yi iya ƙoƙarinmu, wayar ba ta tashi ba. Ta zauna a kan benci ta daɗe ba ta ce uffan ba, sai juya ledar take a hannu. Abin da ta tsira da shi babi shida ne da ta taɓa tura wa yayarta. Har yau idan na tuna zuciyata takan yi nauyi, saboda aikin minti biyar ne da zai hana wannan asara.

WhatsApp ba ma'ajiya ba ce. Saƙonninki a cikin wayarki suke zaune, sai fa idan kin kunna ajiyar da yake yi a Google Drive, kuma mutane da yawa sun kashe ta don tsimin data. In kika kunna saƙo mai ɓacewa da kansa bisa kuskure, rubutun ya tafi. In kuwa irin na jabu kike amfani da shi, su GB WhatsApp, kowane lokaci ana iya rufe miki lamba. Ga shi ba ya ƙirga kalmomi, kuma gyaran saƙo minti 15 kawai yake ba ki bayan kin tura.

Ki sauke Google Docs, kyauta ce, asusun Gmail kawai take bukata. Ki buɗe takarda, ki danna ɗigo ukun nan na sama ta dama, ki kunna inda aka rubuta "Available offline". Da zarar kin yi haka, za ki iya rubutu ko babu data, ranar da kika hau intanet sai ta kwashe abin da kika ƙara ta adana. A cikin ɗigo ukun nan ne kuma za ki ga "Word count", wato ƙidayar kalmomi. Wani alherin da ke cikinta shi ne tana riƙe da tarihin gyare-gyare: in kika goge shafi goma da kuskure, za ki iya buɗe ta a kwamfuta ki dawo da takardar yadda take jiya. Mai son Microsoft Word ko WPS Office ma babu laifi, muddin ya haɗa su da ma'ajiyar intanet, ba cikin waya kaɗai ba.

Kada tsoron data ya hana ki. Kalma 50,000 na zallar rubutu ba su wuce kilobait 300 da 'yan kai ba, hoto ɗaya na biki ya fi su nauyi, alhali Google gigabait 15 yake ba kowane asusu kyauta.

Abu uku zan ƙara. Ki raba littafin, kowane babi biyar da takardarsu, saboda ƙananan wayoyi kan fara nauyi idan takarda ta yi tsawo. Sannan kowace Juma'a ki tura wa kanki kwafi ta imel, ki sake ajiye wani a katin ajiya ko wayar wani na gida da kika yarda da shi. Kuma ki rubuta kalmar sirrin Gmail ɗinki a takarda ki adana a ɗaki. Da yawa masu kawo mana waya wani ne ya buɗe musu asusun a kasuwa, su kansu ba su san kalmar sirrin ba, ranar da waya ta ɓace sai a rasa ƙofar shiga.

Malam, wayata tana canza mini kalmomi zuwa Turanci, kuma ba ni da ƙ da ɗ da ɓ. Yaya zan yi? (Wani malamin makaranta daga Azare)

Malam, duka biyun maganinsu ɗaya. Ka sa Gboard, wato manhajar allon rubutu ta Google, ka shiga saitinsa wajen harsuna, ka ƙara Hausa. Bayan haka in ka danna k ka riƙe za ka ga ƙ, haka d da b. Akwai ƴ ma ga 'yan'uwanmu na Nijar, mu a Najeriya 'y muke rubutawa. Sai ka shiga wajen gyaran rubutu ka kashe gyara-da-kanka. Shi ne ke mayar maka da kalmar Hausa ta koma wata ta Turanci mai kama da ita, kai kuma ba za ka lura ba sai ka yi nisa.

A kwamfuta, cikin Word, ka rubuta 0199 ka danna Alt da X tare, zai koma ƙ. Lambar ɗ ita ce 0257, ta ɓ kuma 0253. Ba za ka yi ta wannan wahala kullum ba: ka yi sau ɗaya, ka sanya wa kowanne gajeriyar hanya a wajen alamomi, shi ke nan.

Ina roƙon ka da kada ka ce za ka bari sai ka gama ka bi ka saka ƙugiyoyin. Na'ura ba za ta rarrabe maka kafa da ƙafa ba, ko dauri da ɗauri, sai ka bi kalma 50,000 ɗaya bayan ɗaya da idonka. Ka saba wa yatsunka tun cikin Oktoba, mako ɗaya ya isa.

Yallaɓai, yatsuna suna ciwo idan na daɗe ina rubutu a waya, ga matsalar wuta. Sai na sayi kwamfuta? (Wani matashi daga Kumasi)

Ba dole ba ne, ɗan'uwa. Ka nemi allon rubutu mai bulutut ka haɗa da wayarka, ko ka samu ɗan guntun wayar OTG ka jona allon kwamfuta na yau da kullum, idan wayarka tana karɓa. Ka gwada a gaban mai shago kafin ka biya, ka kuma duba ko haruffa masu ƙugiya suna fita. Ka jingine wayar daidai idonka don wuyanka ya huta.

Akwai kuma rubutu da murya. A 2024 Google ya ƙara Hausa cikin harsunan da Gboard ke saurare ya rubuta. Yana taimakawa ranar da hannu ya gaji, amma yana son data da wuri marar hayaniya, kuma sai ka bi ka gyara bayansa. Batun wuta kuwa, fawabanki mai ƙarfin 10,000mAh zai cika yawancin wayoyi sau ɗaya da wani abu. Ka rage hasken allo, ka kashe data lokacin rubutu, caji zai kai ka nesa.

Da na ɗauki waya zan yi rubutu sai in tsinci kaina a TikTok. Sannan masu karatuna suna matsa mini in riƙa sakin babi kullum. Mene ne shawararka, Malam? (Wata marubuciya daga Kano)

Na farkon yana da sauƙi, Hajiya. A saitin wayoyin Android akwai "Digital Wellbeing", a cikinsa akwai "Focus mode". Ki zaɓi TikTok da Facebook da WhatsApp, ki sa musu lokaci, misali daga 5:30 zuwa 6:30 na safe. A wannan sa'ar za su dushe, sanarwarsu ba za ta shigo ba. In ma wannan ya yi miki tsawo, ki sa waya a yanayin jirgin sama, tunda takardarki tana buɗuwa ba data.

Na biyun kuwa, ra'ayina shi ne ki ba su haƙuri har Disamba. Rubutun wata ɗaya ɗanye ne. Wataƙila a babi na 20 ki gane cewa kishiyar da kika kashe a babi na 4 ita ce ya kamata ta riƙe labarin, to in kin riga kin saki, ba ki da damar komawa. Kuma abin da ya shiga rukunin WhatsApp ya fita hannunki, ana iya kwafe shi a cire sunanki kafin gari ya waye. Idan akwai aminiya ɗaya da kike son ta riƙa duba miki, ki tura mata gayyata ta Google Docs da adireshin imel ɗinta, ki ba ta izinin sharhi kawai, ban da na gyara, kuma ki bar takardar a kulle ga duk wanda ba ki gayyata ba.